Sallama Uku a Ƙofar Kwamfuta

Mutanen Tsafe ba su da adalci, kuma a kan Injiniya Jatau abin nasu ya fi fitowa fili. Mutum ya shekara ashirin da biyu a bakin tasha yana buɗe cikin rediyo, yana shaƙar hayaƙin dalma, ya sa tabarau ba don ciwon ido ba sai don martabar sana'a, amma in an tashi ba da labarinsa ba a farawa da wannan. Da maganar katin nan ake farawa, kamar shi kaɗai ne ɗan Adam da na'ura ta taɓa ci wa amana.

Shekara biyu da ba Zamfara jiha, Gusau ta cika da sababbin ofisoshi, kowanne da kwamfutarsa a lulluɓe da ƙyalle. Sai ƙungiyar masu gyaran rediyo da agogo ta Tsafe ta ga bai kamata a bar ta a baya ba. Maƙera na da sarkinsu, mahauta na da nasu, wanzamai ma haka. Su ma za su naɗa Sarkin Na'ura. Shugabansu, Alhaji Mas'udu, ya sayo farin rawani ya ajiye, ya ce duk wanda ya gyara kwamfuta a gaban shaida kafin Asabar, ranar Asabar ɗin za a je har ƙofar gidansa a naɗa shi.

Jatau ya gyara zaman tabarau. "Ashe an gama magana. A faɗa wa tela ya yi sauri da rigata."

Sahabi mai agogo, wanda teburinsa ke jingine da shagon Jatau, bai ko ɗago kai ba. "Injiniya, ina kas san kwamfuta?"

"Kano. Kwana tara."

"Kwana taran da kat tahi aikin basir?"

"Asibitin babu kwamfuta ne? Gadona yana kallon ofishin da take. Abin da wani ke koyo shekara huɗu a zaune, ni a kwance na koye shi, kuma rub da ciki."

Kwamfutar da za a gwada shi a kanta tana Gusau, a shagon Hajiya Kulu. Ita Hajiya ta shekara ashirin tana buga tafireta a ma'aikatar gwamnati, da ta yi ritaya ta sayi kwamfuta ta hannu, ta buɗe shagon buga takardu da katin biki. Ranar Laraba da hantsi Jatau ya sauka da jakar kayan aiki, Sahabi na biye da shi a matsayin shaida.

Hajiya ta nuna musu cutar. A saman gilashin kwamfutar akwai wasu 'yan hotuna jere kamar kayan koli, kowane hoto yanke ne zuwa wani aiki. Mai hoton alƙalami shi ya kamata ya buɗe sabuwar manhajar rubutu, mai farar fuska. Amma in ta taɓa shi, sai tsohuwar da mai kwamfutar na farko ya bari ta fito, mai shuɗiyar fuska. Kuma ba ita kaɗai take fitowa ba. Biyu suke zuwa, ɗaya a kan ɗaya.

"Fara nika kira, shuɗiya ka amsawa," in ji Hajiya, "kuma ta taho da 'yar'uwarta."

Jatau ya zagaya na'urar sau biyu, hannu a baya. Ya sunsuni bayanta. Ya tambayi inda eriyarta take, da aka ce ba ta da shi ya kaɗa kai ya ce ai daga nan aka fara cutar Hajiya. Sannan ya naɗe hannun riga ya ɗauke ta da mari a gefe, irin wanda ke farkar da rediyo mai batir shida.

"Malam, lahiya? Ba ta zage ka ba!"

"Hajiya, na'ura sai ta san wa ke gabanta."

Shuɗayen nan biyu suna nan, ko gezau. Ya hure ramukan bayan, ya goge gilashin da bakin hularsa, ya ɗora harshe a kan wata waya ya ce akwai wuta, wanda kowa ya riga ya sani tunda ga ta a kunne. Can ya ja kujera ya zauna, ya dafa abin nan mai jela da ake kira ɓera.

"Sau nawa kike taɓa hoton?"

"Biyu. Haka anka koya muna."

Jatau ya yi dariyar tausayi, ya waiwayi Sahabi don ya shaida. "Ka ji ko? Boko ya ɓata mutane. Hajiya, wa ya taɓa tsayawa a ƙofar mutane ya yi sallama biyu ya faɗa ciki? Sallama uku ce. Kin yi biyu kin tsaya, shi ya sa take turo miki tsofaffin gidan su duba ko wane ne. Cika ta uku ki ga mai gidan da kanta."

Ya kai kibiyar kan alƙalamin, ya danna sau uku da natsuwa, har yana motsa leɓe. Kwamfutar ta yi gurnani, ta yi shiru, ta sake gurnani. Shuɗiya ta fito. Wata ta hau kanta. Ta uku ta hau kansu duka.

"Hassan," in ji Sahabi yana ƙirgawa da yatsa. "Husaini. Lale, ga Gambo."

"Ci gaba ne," in ji Jatau. "Da biyu take ba ki, yanzu uku. Wa ya ƙi ƙari?"

"Ni na ƙi. Ɗaya nika so, kuma fara."

"To ba ta ji da kyau ba." Ya sake danna uku, da ƙarfi wannan karon, yadda ake yi wa gidan kurma. Ya ƙara uku don ihtiyaɗi. Ƙasan gilashin ya cika da sunayen shuɗaye jere kamar 'yan makarantar allo, Sahabi ya kai Kadarko ya ce sunayen da ya sani sun ƙare, sai dai a aika Bungudu a tambayi tsofaffi. Kibiyar ta sandare. Jatau ya murza ɓeran, ya ɗaga shi ya girgiza a kusa da kunne, ya hura masa iska a ciki. Babu motsi.

Nan fa gwanintar shekara ashirin da biyu ta yi aikinta. Ya miƙa hannu ya zare wayar daga bango, ya ƙirga bakwai, ya mayar. Kwamfutar ta farfaɗo tana nishi, gilashi ya fito tas, babu shuɗiya ko ɗaya.

"Sahabi, kalli nan. Akwai tagwaye?"

"Babu."

"Akwai Gambo?"

"Babu, amma ai ba a taɓa..."

"Shaida abin da ido ya gani yake faɗa. Abin da ba a taɓa ba, ba a tambaye ka ba."

Sahabi ya dubi Jatau, ya dubi kwamfutar, wani murmushi ya kama gefen bakinsa. "Haka ne, Injiniya. Abin da ido yag gani zan faɗa."

Hajiya Kulu tana saurin zuwa duba wata maƙwabciyarta a asibiti, ba ta da lokacin gardama. Jatau ya ce ladan aikinsa ɗaya ne: a bar shi ya buga katin naɗinsa da hannunsa, don tarihi ya rubuta. Ta bi doguwar hanyar da ta saba bi in ta gaji da tagwaye, ta buɗe masa katin naɗin sarauta a cikin tsohuwar manhajar, inda duk samfuran katunanta suke ajiye. Katin da Turanci yake, kamar yadda manya ke so. Ta nuna masa layi uku da zai canza: suna, rana da wuri. Ta nuna masa maɓallin bugawa da na rufewa.

"In karanta maka kafin in tahi?"

Jatau ya cire tabarau ya dube ta. "Hajiya, ni za a karanta wa Turanci?"

Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Da yatsa ɗaya ya rubuta INJINIYA JATAU, ya sa Asabar, ya sa ƙofar gidansa a Tsafe. Ya ja baya ya kalli sunan. Bai taɓa ganinsa da kyau haka ba. Sai zuciya ta raya masa cewa suna irin wannan a farar fuska ya kamata ya zauna, ba shuɗiya ba. Ya kai kibiya kan alƙalamin, ya yi sallama ɗaya a hankali don kada Sahabi ya lura.

Wata shuɗiyar ta fito ta rufe ta farko. Da ta tarar 'yar'uwarta ta riga ta kama katin naɗi, sai ta ɗauko na gaba da shi a ma'ajiya. Jatau bai san da wannan ba. Shi dai ya ga zanen furen gefe iri ɗaya, layuka iri ɗaya, amma inda sunansa yake an rubuta wani Garba Hamza.

"Kai! Wane ne Garba Hamza?"

"Ƙila shi ma yana neman sarautar," in ji Sahabi.

"Hassada har a cikin na'ura!" Ya goge Garba Hamza harafi bayan harafi, yana tsaki, ya mayar da sunansa da ranarsa da ƙofar gidansa. Don ya nuna mata iyakarta ya ƙara danna alƙalamin. Wata ta fito, wannan karon da wani Alhaji Muhammad Sani. Shi ma ya kore shi.

"Duk wanda ta ɓoye, ta fito da shi. Ina nan."

Bai sake taɓa alƙalamin ba, sunansa kuwa ya zauna daram. Ya danna maɓallin bugawa, firinta ta yi ta kuka har ta fitar da ashirin. Ya rufe, sai ga sunansa kuma a ƙasa yana jiransa. Ya ce ashe ta gane kuskurenta, tana neman afuwa. Ya buga ashirin. Ya rufe, ga shi kuma. Ya buga ashirin na ƙarshe. A kowane kati abu ɗaya ya duba, ya kuma same shi daidai: sunansa da manyan baƙaƙe.

Kashin farko ya ba direban Bungudu, garin dangin uwarsa, inda yayarsa Ma'u take aure. Na biyu ya ba mai akori-kurar Magami, garin surukansa. Na uku ya sa a aljihu, na 'yan ƙungiya da Hajiya Kulu. Direbobi kuwa sai ranar Juma'a da yamma suka tuna suka miƙa.

Ranar Asabar tun da sassafe aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Matarsa Zulai tana tsakar gida da mata suna fama da waina. Jatau yana ɗaki, ya sa farar babbar riga mai sitaci, ya ce ba zai fito ba sai taro ya cika, don sarki jiransa ake yi. Alhaji Mas'udu ya iso da rawani a leda, da liman, da 'yan ƙungiya, da makaɗa biyu na kalangu.

Ana cikin kiɗa sai bas ta tsaya. Mazan Bungudu suka sauko kai a sunkuye, kowa da carbi. Babbansu ya dubi makaɗan kamar ya ga kare a masallaci, ya wuce ya durƙusa gaban Alhaji Mas'udu.

"Alhaji, ya haƙuri?"

"Haƙurin mi?"

"Haka ne, ba a tambayar mai imani. Amma wanga kiɗa fa? Mu Bungudu ba mu san da shi ba."

"Ai shi yac ce a kira su."

"Wasiyya ya bari? Allahu akbar. Bai canza ba har ƙarshe."

Ma'u ba ta tsaya a waje ba. Ta faɗa gidan da kururuwa, ta cafki Zulai a bakin murhu. "Ku rufe mani ƙane kwana bakwai ba aike, sai takarda? Takarda, Zulai?"

"Yaya, wane ƙanen? Wanda ke ɗaki ana ta zuba mai turare tun asuba?"

Ma'u ta dafe ƙirji. "Har yanzu ba ku kai shi ba?"

Kafin Zulai ta buɗe baki sai ga kukan rago a zaure. Ƙanenta Sama'ila ne daga Magami, yana jan wani farin rago mai ƙaho, bayansa wanzami da zabira, bayan wanzami maroƙi yana gyara murya.

"Yaya Zulai, barka, barka! Ciki wata tara ko labari? Ikon Allah, a wanga shekaru! Ina jaririn?"

Zulai ta ajiye ludayi. Ta dubi mai kuka, ta dubi mai rago. "Jariri ɗaya gare ni a gidan nan, shekararsa hamsin da uku, yana ciki yana gwada tafiyar sarakuna."

A waje kuma labarin rasuwa ya riga ya bi bakin direbobi ya zaga tasha. Mutum goma sha ɗaya da rediyonsu ke kwance a shagon Jatau, wasu tun kafin a ba da jiha, suka zo karɓar kayansu kafin a raba gado. Wani ya riga ya buɗe shagon ya ɗauko nasa, yana nuna wa Alhaji Mas'udu cikinsa: ba komai sai gidan gizo-gizo da murfin kwalba.

Jatau daga ɗaki ya ji hayaniya ta kai yadda yake so. Ya ji kuka, ya ce na farin ciki ne. Ya ji rago, ya ce gudummawa ce. Ya yafa farin mayafi a ka, ya fito ta ƙofar zaure a hankali, fari fat daga sama har ƙasa, ƙamshin turare na gaba yana biye, bai ce wa kowa uffan ba, don sarki ba ya fara magana.

Mutanen Bungudu suka ɗago kai.

Babban nasu shi ya fara tashi, duk da ciwon gwiwa. Carbi ya tsinke. Wani ya bar takalmi, wani ya haye bayan akori-kura, wani ya faɗa kwata yana a'uziyya. Rago ya ƙwace ya bi ta tsakanin makaɗa. Jatau ya tsaya yana ɗaga musu hannu.

"Ka gani, Sahabi? Kwarjini. Tun ba a naɗa ba."

Liman ne ya tsawatar aka dawo ɗaya bayan ɗaya. Aka nemo Malam Yazid na makarantar firamare, aka miƙa masa kati uku. Ya karanta na Tsafe: naɗin Injiniya Jatau. Ya karanta na Magami: Injiniya Jatau na gayyatar 'yan'uwa sunan ɗan da aka haifa masa. Ya karanta na Bungudu, ya yi gyaran murya: addu'ar bakwai ta marigayi Injiniya Jatau, Allah ya jiƙansa.

"Amin," in ji wani daga baya, bisa sabo.

Da wani mutum ne, da tuni ya nemi ƙasa ta tsage. Jatau gyara mayafi ya yi. "Jama'a, da gangan ne. Mai shirin hawa sarauta dole ya san masoyansa. Na gwada ku, kuma Bungudu kun ci. Yaya, na ji kukanki, ya yi kyau."

"Ya yi kyau?" Ma'u ta cire takalmi. "Tun daga Furfuri nika kuka, har direba ya tsaya ya saya man ruwa! Na ce ba a yi mai kirki irinka ba, a gaban mutane na faɗa! Wa za ya mayar man da maganata?"

Ana riƙe ta sai ga Hajiya Kulu ta sauka daga motar Gusau da katinta a hannu. Alhaji Mas'udu ya tare ta.

"Hajiya, tsakaninki da Allah, ya gyara?"

"Ta gyaru, Alhaji."

Jatau ya buɗe hannuwa ya juya ga jama'a.

"Shekaranjiya na zauna da ita," Hajiya ta ci gaba. "Ashe hotunan saman nan sau ɗaya aka taɓa su, sai a jira. Duk dannawa ɗaya, kwafi ɗaya. Yanken alƙalamin kuma gidan tsohuwar yake nunawa, na juya shi gidan sabuwar. Abin da ban gyara ba shi ne katin mutane guda biyu da wani ya goge sunayensu. Iyalan Alhaji Muhammad Sani sun zo karɓar nasu, sun tarar wani ya mutu a madadin ubansu."

"Sahabi!" in ji Jatau. "Kai ne shaida. Faɗa musu!"

"Abin da ido yag gani: ya mare ta, ya lashi wayarta, ta haihi tara, ya zare ta daga bango."

Alhaji Mas'udu ya dubi rediyon mai murfin kwalba, ya dubi katin Bungudu. Ya ninke bakin ledar rawanin a hankali, ya sa a hammata. "Ƙungiya ba ta naɗa wanda takarda ta ce ya rasu. In ka samo wata takardar da ta ce ka dawo, sai mu zauna."

Jatau ya zauna a tabarmar da ke kusa. Ta mutanen Bungudu ce. Babbansu ya ga bai kamata a yi asarar tafiya ba, ya matso ya kama hannunsa.

"Ya haƙuri, Injiniya?"

Jatau ya bi ledar rawanin da ido. "Da godiya," ya ce, murya can ƙasa. Sauran suka yi layi.

Saura rago. Sama'ila ya rantse ba zai mayar da shi Magami a yi masa dariya ba, an kawo shi suna, suna zai yi. Aka yanka, wanzami ya ce shi ma ba zai koma da aska a bushe ba, da ƙyar aka raba shi da kan Jatau. Maroƙi ya tsaya tsakiyar fili yana jiran a raɗa masa abin da zai faɗa. Sahabi ya taso, ya kama kunnensa ya yi magana. Maroƙi ya toshe kunne ɗaya, ya ɗaga murya har tasha.

"Jama'a, a saurara! Yaro ya samu suna! Sunan yaro Marigayi Jatau! Allah ya raya Marigayi!"

Wuri ya ɗauka gaba ɗaya, har mata daga tsakar gida suka rangaɗa guɗa, muryar Zulai a sama. Kalangu ya kama sunan tun bai faɗi ƙasa ba.

Jatau ya miƙe tsaye, ya nuna maroƙin da yatsa. Kowa na jiran ashar.

"Kai, mara kunya! Sake faɗa. Ka tsallake Injiniya."